Rijiyar Barmu

A bayan Birni, inda duwatsu ke kwance
kamar giwayen da suka ƙi tashi,
akwai rijiya mai ruwan zartsi.
Wake ba ya nuna da shi, sabulu ba ya kumfa.
Kakana ya fara ta. Ba shi ya gama ba.

Barmu sunansa, mahaƙin rijiya,
mai lasar ƙasa ya ce ruwa na gaba tara.
Gaba shida ya sauka
ranar da gardi ya leƙo daga sama,
hularsa ta tare masa haske.
Fito, kumandan na son masu ƙarfi.

A bariki likita ya buɗe masa baki
yadda ake yi wa raƙumi ran kasuwar Alhamis,
ya ƙwanƙwasa ƙirjin, ya ji ba tsaga.
Tafinta ya ce ku gode,
gwamnati ta ɗauke muku kuɗin jirgi,
ga bargo, ga kwano, ga shinkafa,
can aiki ya fi hannuwa yawa.
Wani tsoho ya ce, hannuwan can ina suka tafi?
Tafinta bai juya wannan da Faransanci ba.

Yatsa a tawada, yatsa a takarda.
Shekara biyu, in ji takardar.
Kakata Magaram ta ƙulle masa gari da tsamiya,
ta rufe bakin ramin da ƙaya
kada akuya ta faɗa kafin ya dawo.

Sauran daga bakin Tankari aka ji,
wanda ya komo bayan damina huɗu
da tari, da ƙafar da ta daina shiga takalmi.
Ya ce ƙasa tana ƙarewa, wallahi tana ƙarewa,
na ga inda ta tsaya.
Barmu ya tsaya nan yana ta dariya,
shi da ke tonon wata uku don cikin tulu.
Ya ɗiba da tafi, ya kurɓa, ya tofar,
ya ce Allah ya tara shi nan don ba mai so.

A cikin jirgi aka jera su can ƙasa
kamar mangul a rumfar fatake.
Gabas ta ɓace, kowa ya yi salla inda ya fuskanta.
Maza na amai, suna kiran uwayensu.
Barmu kaɗai bai firgita ba:
duhu, da zurfi, da ɗan haske daga sama,
ya ce ku kwantar da rai, rijiya ce mai tafiya.

Can kuwa dutse suka fasa wa hanyar ƙarfe
a dajin da sama ba ta ɗauke ruwa.
Bargon bai bushe ba ko sau ɗaya.
Sanyi ya shiga ƙirjin da likita ya yaba.
Mai neman ruwa, ruwa ya same shi.

Abu biyu Tankari ya ajiye gaban Magaram:
lambar gwangwani mai igiyar wuya,
da kwalba toshe da tsumma.
Barmu ya cika ta tun ranar farko,
wai ki gani da idonki, kada ki ce ƙarya yake.

Ba ta yi kuka gaban mutane ba.
Da asuba ta janye ƙayar,
ta juye teku cikin gaba shida na busasshiyar ƙasa.

Daga baya wasu suka ci gaba da haƙa.
A gaba tara ruwa ya ɓullo, yadda ya faɗa.
Malamin lakwal ya ce kanwa ce a ƙasar wurin,
ban yi masa musu ba.
Amma ni in na ja guga
sai na kurɓa kafin in zuba wa tumaki,
kuma ba na tofarwa.